Da wane mudu ake auna mai bincike a fannin hulɗar ɗan Adam da kwamfuta?

Wani abokin aikina, masanin kimiyyar sinadarai, ya aiko mini da tambaya bayan an sa shi a kwamitin da zai duba takardun wata malama mai neman ƙarin girma zuwa matsayin farfesa. Malamar tana bincike ne a fannin hulɗar ɗan Adam da kwamfuta, kuma abubuwa biyu ne suka ɗaure masa kai. Na farko, mafi yawan maƙalunta a kundin taruka suka fito, ba a mujallu ba, alhali a nasa fannin maƙalar taro ba ta da wani nauyi. Na biyu, akwai rumbuna biyu na intanet masu ƙirga ambato, wato sau nawa wasu masu bincike suka kawo sunan maƙalar mutum a nasu rubutun, kuma adadin ambaton da ɗayansu, Google Scholar, ya nuna mata ya ninka na ɗayan, Web of Science, sau da yawa, har ya rasa wanne zai kama. Tambayarsa ita ce da wane mudu zai auna ta. Ga amsar da na ba shi.

Malam, ka yi daidai da ka tsaya ka tambaya kafin ka sa hannu, domin idan ka auna wannan malama da mudun fanninka za ka zalunce ta ba tare da ka sani ba, idan kuma ka ɗauki babbar lambar da Google Scholar ya ba ka ka dogara da ita kaɗai, kana iya ba ta abin da ba ta cancanta ba. Zan fara da maganar taruka tunda ita ce mafi sauƙin warwarewa.

A kimiyyar kwamfuta gaba ɗaya, musamman a wannan reshe namu, babban taro shi ne inda ake kai aikin da ya fi kowanne, kuma abin da aka buga a kundinsa shi ne bugu na ƙarshe, ba share fage ba ne kafin a tafi mujalla. Mafi girman tarukan fannin shi ne CHI, wanda ACM, babbar ƙungiyar masana kwamfuta, take shiryawa duk shekara; tushensa wani taro ne da aka yi a Gaithersburg ta jihar Maryland a Amurka a 1982, sannan aka fara kiransa da wannan suna a Boston a 1983. Wanda zai kai aiki CHI cikakkiyar maƙala yake miƙawa, ba taƙaitaccen bayani na sakin layi ɗaya ba, masana da dama ne suke tantance ta, kuma a yawancin shekaru kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ake karɓa. Haka abin yake a UIST, inda masu ƙirƙiro sababbin hanyoyin sarrafa na'ura suke haɗuwa, da CSCW, wanda aka fara a 1986 domin nazarin yadda mutane suke aiki tare ta hanyar kwamfuta. Tun a 1999 ƙungiyar CRA, wadda ta haɗa sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'in Arewacin Amurka, ta fitar da takarda mai ɗauke da sa hannun David Patterson da Lawrence Snyder da Jeffrey Ullman, tana jan hankalin kwamitocin ƙarin girma da kada su rage darajar maƙalun taro a wannan fanni. Akwai mujallu masu daraja, irin su TOCHI da aka fara a 1994, kuma daga 2017 maƙalun CSCW suna fitowa ne a wata mujallar ACM, amma ƙarancin mujallu a jerin ayyukanta ba aibi ba ne.

Sai dai akwai wani tarko a nan, kuma na sha ganin kwamiti ya faɗa cikinsa. A taro guda na CHI akwai cikakkun maƙalu, akwai kuma gajerun rahotanni na aikin da bai kammala ba, da bayanan da ake liƙawa a allo, da takardun ƙananan zaurukan tattaunawa, waɗanda tantancewarsu ba ta kai ta cikakkiyar maƙala tsanani ba ko kusa. Duka suna ɗauke da sunan CHI da shekara guda, don haka wanda ba ɗan gida ba ba zai bambanta su da kallo ɗaya ba. Idan ka buɗe maƙalar a ɗakin karatun ACM na intanet ka ga an rubuta CHI EA, to daga kundin gajerun rahotanni take. Ka nemi malamar ta raba jerin nata gida biyu da hannunta. Wanda ya cakuɗa su da gangan don jerinsa ya yi tsawo ya riga ya gaya maka wani abu game da kansa.

Bambancin lambobin da ka gani kuwa, asalinsa tarihi ne. Eugene Garfield ne ya kawo shawarar a riƙa bin sawun ambato a 1955, ya kuma fitar da kundin ambaton kimiyya a 1964, wanda shi ne kakan Web of Science na yau. An gina shi ne a kan mujallu, saboda haka fannin da yake zuba mafi kyawun aikinsa a taruka ya daɗe yana fitowa a cikinsa kamar ƙaramin fanni. A 2008 Lokman Meho da Yvonne Rogers sun ɗauki masu bincike 22 na wannan fanni a Birtaniya suka kwatanta abin da Web of Science da Scopus, wani rumbun irinsa, suka nuna musu, suka tarar Scopus ya fi kamo ambaton ayyukansu sosai, musamman saboda yana ɗauke da kundayen tarukan ACM da na IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki. An faɗaɗa Web of Science daga baya, amma har yanzu ba shi ne wurin da zan fara dubawa ba idan aka ba ni takardun ɗan wannan fanni.

Google Scholar, wanda ya fito a 2004, matsalarsa akasin wannan ce. Duk abin da ya yi kama da rubutun ilimi a intanet kwashewa yake yi: kundin digiri, rubutun da ba a tantance ba tukuna, takardun darasi, wani lokaci ma maƙala guda ya ƙirga ta sau biyu. A 2010 wani masanin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiro wani mai bincike na bogi mai suna Ike Antkare, ya sa manhaja ta rubuta masa maƙalu kimanin ɗari marasa ma'ana waɗanda suke ambaton juna, sai ga shi lissafin da aka ɗauko daga Google Scholar ya ba shi ma'aunin h na 94. Wannan ba ya nufin a watsar da shi, domin yana kamo ambato na gaskiya da sauran suke tsallakewa. Abin da yake nufi shi ne kada ka taɓa kwatanta lambar mutum daga wannan rumbu da lambar wani daga wancan. Idan za ka kwatanta, ka ɗauko daga rumbu guda, a rana guda, ka rubuta ranar. Domin tabbatar da cewa jerin maƙalun nata daidai ne kuma ba a haɗa mata da na mai irin sunanta ba, ka duba dblp, rumbun da aka fara a Jami'ar Trier ta Jamus, wanda ya fi su duka tsabta a kimiyyar kwamfuta.

Tunda na ambaci ma'aunin h, bari in ɗan tsaya a kansa, domin na san shi ne abin da kwamitinku zai fara tambaya. Jorge Hirsch, masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, shi ya kawo shi a 2005. Ma'anarsa mai sauƙi ce: idan aka ce h ɗin mutum 20 ne, yana da maƙalu 20 waɗanda kowace aka ambace ta aƙalla sau 20. Amfaninsa shi ne maƙala ɗaya tilo ba za ta ɗaga shi ba, tarin maƙalun da ba wanda ya karanta ma ba za su ɗaga shi ba. Amma a ce ga mutum biyu: ɗaya yana da maƙalu goma kacal, kowace an ambace ta sau dubu, ɗayan kuma yana da maƙalu ɗari, ashirin daga cikinsu an ambaci kowace sau ashirin. Na farko h ɗinsa 10, na biyu 20, kuma babu mai hankalin da zai ce na biyu ya ninka na farko tasiri. Ga shi kuma ba ya raguwa ko mutum ya daina aiki, sai dai ya yi ta ƙaruwa da shekaru, shi ya sa Hirsch da kansa ya ba da shawarar a raba shi da adadin shekarun da mutum ya yi yana bugawa. Ma'aunin bai kuma san wanda ya yi aikin ba: marubuci na farko da na goma sha biyu rabonsu ɗaya.

Wannan batu na jerin marubuta yana da muhimmanci a matsayin da take nema. Bisa al'adar fannin, sunan da ya zo farko shi ne wanda ya ɗauki nauyin aikin, sau da yawa ɗalibin digiri na uku, na ƙarshe kuma shi ne malamin da ya jagoranta. Ga mai neman zama farfesa, abin da nake so in gani shi ne sunanta ya fara komawa ƙarshe, da ɗalibanta a gaba, sannan a ce ayyukanta na baya-bayan nan sun fita daga inuwar wanda ya duba mata digirinta. Idan har yanzu duk maƙalunta masu tasiri suna ɗauke da sunan tsohon malaminta, wannan tambaya ce da ya dace a yi mata, komai girman lambar.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Ambato yana auna yadda maƙala ta yi wa masu rubuta wasu maƙalu amfani ne, ba ya auna yadda ta sauya rayuwar masu amfani da na'ura, kuma a fannin da manufarsa ita ce mutum ya ji daɗin aiki da kwamfuta, tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun tana da faɗi ƙwarai.

Duba irin ayyukan da suka fi tara ambato. John Brooke ya tsara wata takardar tambayoyi mai jimloli goma a kamfanin ƙera kwamfuta na DEC a 1986 domin a auna ko mutane sun sami sauƙin amfani da wata manhaja, aka buga ta a 1996, kuma yau an ambace ta sau dubbai masu yawa, saboda duk wanda ya raba wa mahalarta gwajinsa wannan takarda dole ya faɗi inda ya samo ta. Haka ma'aunin nauyin aiki na hukumar NASA da Sandra Hart da Lowell Staveland suka buga a 1988. Kayan aiki ne masu kyau, ban raina su ba, amma yawan ambatonsu ya zo ne daga kasancewarsu abin da ake ɗauka kullum, kamar awo a hannun tela. Sai kuma maƙalun hangen nesa, irin wadda Mark Weiser ya rubuta a 1991 kan lokacin da kwamfuta za ta ɓace cikin kayan yau da kullum, ko ta Hiroshi Ishii da Brygg Ullmer a CHI na 1997 kan sarrafa bayanai ta hanyar abubuwan da ake taɓawa da hannu. Waɗannan sun buɗe hanyoyi da gaske, sai dai da yawan masu ambatonsu a yau gaisuwa kawai suke yi musu a sakin layin farko su wuce. Bayan su akwai maƙalun da suke tattara abin da aka riga aka yi a wani batu, waɗanda kowa yake jingina da su don ya huta da ambaton asalin ayyukan. Wanda kuma ya shafe shekara biyu yana gwaji a tsanake har ya nuna cewa wata dabara da ake yayi ba ta aiki, sau da yawa ɗan ambaton da zai samu ba ya kai ya kawo, domin ya rufe ƙofa ne, kuma ba a cika yin layi a ƙofar da aka rufe ba.

A ɗaya ɓangaren akwai tasirin da lissafi ba ya gani ko kaɗan, domin kamfani ba ya sa jerin manazarta a bayan waya. Douglas Engelbart ya nuna wa duniya linzamin kwamfuta a San Francisco a Disambar 1968, amma sai da kwamfutar Macintosh ta kamfanin Apple ta fito a 1984 ya shiga hannun jama'a sosai. A 1985 masu bincike a Jami'ar Toronto ta Kanada, ciki har da Bill Buxton, sun gabatar a CHI da wani allo mai gane taɓawar yatsu da yawa a lokaci guda, iPhone kuwa sai 2007. Buxton ya daɗe yana cewa ƙirƙira tana ɗaukar kimanin shekara ashirin kafin ta tashi daga ɗakin bincike ta zama abin kowa. Ka kuma tuna da yadda ake jan yatsa a kan haruffan waya ba tare da ɗagawa ba, kalma ta fito da kanta: Shumin Zhai da Per Ola Kristensson sun gabatar da wannan dabara a CHI na 2003, kuma miliyoyin mutanen da suke rubutu haka kullum babu ɗayansu da zai ƙara musu ko ambato guda. Kwamitin da yake duba shekara biyar ko shida na aikin mutum yana yanke hukunci ne kafin irin wannan tasiri ya nuna kansa.

Kada kuma ka ɗauka lambar yabo za ta raba gardama. CHI yana ba da kyautar maƙala mafi kyau ga kashi ɗaya cikin ɗari na abin da aka miƙa, abin alfahari ne, amma a 2009 Christoph Bartneck da Jun Hu sun bi diddigin kundayen taron suka ga maƙalun da kwamitin kyauta ya yaba ba su fi sauran maƙalun shekarunsu samun ambato ba. Ko dai alƙalan ba sa hango abin da zai yi tasiri, ko kuma ambato ba inganci yake aunawa ba, kuma ni a ganina kowanne yana da kaso na gaskiya.

Ko a cikin fannin kansa ba a kwatanta kowa da kowa. Wanda aikinsa ya taɓa ƙirƙirarriyar basira ko kafafen sada zumunta yana rubutu ne ga dubban masu bincike, har da na wasu fannoni, don haka ambato yana zuwa masa da sauri. Wadda take aiki kan yadda makafi za su karanta zanen alƙaluma, ko yadda wanda bai iya karatu ba zai yi amfani da waya, masu karanta ta ba su da yawa, ko da kuwa kowannensu ya san aikinta ciki da bai. Wani nazari da aka gabatar a CHI na 2021 ya nuna cewa kashi 73 cikin ɗari na sakamakon binciken da ake bugawa a taron an samo shi ne daga mutanen ƙasashen Yamma, waɗanda ba su kai kashi 12 cikin ɗari na mutanen duniya ba. Abin da na lura da shi, kuma yana ci mini rai, shi ne binciken da aka yi a kan ɗaliban wata jami'ar Amurka ana ambatonsa a matsayin bayani kan ɗan Adam, wanda aka yi a wani wurin kuma ana ɗaukarsa labarin mutanen wurin ne kawai. Ka haɗa wannan da abin da Robert Merton ya bayyana tun 1968, cewa wanda ya riga ya yi suna shi ake ƙara wa yabo ko da aikin na tarayya ne, za ka ga dalilin da ya sa dole a tambayi da wa ake kwatanta ta. Adalci shi ne a nemo mutum biyar ko shida da suke aiki a reshenta, waɗanda suka gama digiri na uku kusan lokaci ɗaya da ita, a dube su tare.

Abin da nake yi da kaina idan aka ba ni irin wannan aiki ba ya wuce yini ɗaya. Ina ɗaukar maƙalunta biyar da aka fi ambato, in buɗe jerin waɗanda suka ambaci kowace, in tsamo kamar ashirin ba tare da zaɓe ba, in nemo ainihin jimlar da sunanta ya fito. Nan take abin yake rabuwa. Wani ya jefa ta ne a cikin baka tare da wasu takwas bayan jimlar da take cewa an yi bincike da yawa a kan wannan batu. Wani ya ɗauki hanyarta ya yi amfani da ita. Wani kuma ya gina nasa aikin a kan nata, ko ya tsaya yana jayayya da ita shafi guda, wanda shi ma girmamawa ce babba. Ina kuma lura da nawa ne daga ciki ita ce take ambaton kanta, ko ɗalibanta, ko abokan rubutunta. Ambaton kai ba laifi ba ne ga mai ci gaba da aiki a kan layi ɗaya, amma idan aka cire shi lambar ta zube, to da ma iska ce a ciki.

Na taɓa duba takardun wani da lambarsa ta burge kowa a kwamiti, sai da na buɗe na ga kusan rabin ambaton daga maƙala guda yake, ta tattara bayanai, mai marubuta fiye da goma, shi kuma yana can tsakiya. Na kusa rubuta rahoto mai sanyi. Da na sauka ƙasan jerin sai na ci karo da wata maƙala da ba ta tara ambato mai yawa ba, kan yadda za a sake tsara fom na intanet domin manhajar da ke karanta wa makafi allo ta bi shi daki-daki, kuma kusan duk wanda ya ambace ta ya ɗauki tsarin nasa ne ya yi aiki da shi. A kan wannan maƙala na gina goyon bayana, ba a kan wadda ta cika masa lamba ba, kuma da na tsaya a shafin farko da ban gan ta ba.

Idan wani a kwamitin ya dage sai an kawo ma'aunin tasirin mujallu, ka tuna masa cewa an yi shi ne don kwatanta mujallu, ba mutane ba, kuma sanarwar San Francisco kan tantance bincike, wadda aka tsara a 2012, ta fito fili ta ce kada a yi amfani da shi wajen ɗaukar aiki ko ƙarin girma. Ƙa'idoji goma na Leiden da aka buga a mujallar Nature a 2015 su ma sun fara ne da cewa lissafi mai taimaka wa hukuncin masana ne, ba mai maye gurbinsa ba.

Saboda haka, Malam, kafin zamanku na gaba ka sa a rubuta mata ta aiko da jerin da ya raba cikakkun maƙalu da gajerun rahotanni, ta kuma zaɓi maƙalu uku da take ganin su ne aikinta na gaske, ta bayyana a shafi ɗaya abin da ita da kanta ta yi a kowace da abin da ya sauya saboda su. Idan akwai manhajar da ta gina wadda wasu suke amfani da ita, ko bayanan da ta saki wasu suka yi bincike da su, ko wata ƙa'idar tsara manhaja da ta ɗauki shawararta, ta kawo shaida. Sannan ka roƙi shugaban kwamitin a tabbatar cewa aƙalla biyu daga cikin masu tantancewa na waje suna bugawa a reshenta, ba a kimiyyar kwamfuta kawai ba, kuma a aika musu da maƙalun ukun su karanta, ba hoton shafinta na Google Scholar ba.